Hannun Kawu da Hayaƙin Kamfanin Bulo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da shida yana kula da ciyawa. Ba furanni ba, ba itatuwa ba, ciyawa dai wadda shanu ke ci. Gonar da yake aiki ta wata ƙungiyar masu sayar da madara ce, kuma a bayan garken akwai fili mai faɗi da aka raba fegi goma sha ɗaya da waya, kowane fegi da lambarsa a jikin ƙofar katako. Shanu su cinye na ɗaya, a kora su na biyu, haka har su zagayo. Aikin Kawu shi ne kafin su zagayo su tarar na ɗaya ya sake tofowa.

Ba da ciyawa ya fara ba. Ya gwada gyaran keke, ya gwada sayar da kwanon rufi, kowanne ya ƙi shi, sai ya shiga gonar yana wanke garewanin madara. Wata rana ana tsakiyar damina mai kula da filin ya yi faɗa da wani ya ajiye aiki. Aka duba cikin ma'aikata, aka ga Kawu ne kaɗai yake da takalmin roba nasa na kansa. Aka miƙa masa baro da bokiti da buhun takin yuriya, aka ce ya riƙe kafin a samo wanda ya iya.

A daminar nan ciyawa ta fito kore shar, ta kai gwiwa. Ta sake yin haka a shekara ta biyu da ta uku. Ba a ƙara maganar samo wanda ya iya ba. A ta huɗu aka fara kawo baƙi su gani, ana tsayar da Kawu a tsakiyar fegi ana ɗaukarsa hoto, shi gajere, takalmansa sun fi ƙafarsa girma, ciyawa ta kusa haɗiye shi. Sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Mai Hannu.

Wani jami'in wayar da kan manoma ya zauna da shi kwana biyu yana tambayarsa yadda yake yi, ya tafi ya dawo da ɗan littafi mai koren bango wanda ya ƙunshi ƙa'idoji bakwai. Kawu bai san yana da ƙa'idoji ba sai da ya gan su a buge, amma da ya gan su ya amince nasa ne. Wasu na hankali ne: kada a watsa taki a kan jiƙaƙƙen ganye, kada a bar shanu su gwaigwaye ciyawa ƙasa da yatsu huɗu. Wasu kuwa ɗabi'arsa ce kawai aka yi wa lamba. Ta shida ta hana magana lokacin watsa taki, asalinta kuwa Kawu yana ƙirga takunsa ne, in aka yi masa magana sai ya rikice. Ina ƙarami na taɓa ganin manoma goma sha biyu a jere suna watsa yuriya shiru, fuska a murtuke, kamar an aiko musu da labarin mutuwa.

Masu zuwa koyo sun rabu biyu. Waɗanda gonakinsu ke gabas da gonar su Kawu sukan dawo da murna su ce abin ya yi. Na yamma, can bayan kamfanin jan bulo, sukan dawo su ce sun bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, ciyawarsu ba ta san an yi ba. Kawu yakan saurare su da haƙuri, ya girgiza kai, ya tambaya ko dai sun yi magana. A hankali ya yanke hukunci cewa mutanen yamma malalata ne, kuma da yake daga bakin Mai Hannu maganar ta fito, sai ta zauna. Har su kansu mutanen yamma suka fara faɗa wa juna haka.

Kamfanin jan bulon nan yana da dogon bututun hayaƙi da ake hangowa daga ko'ina. Baƙin mai suke ƙonawa, iska kuma ta saba kwaso hayaƙin ta yi gabas da shi, ta bi ta kan filin ta sauka a gidajen ma'aikata. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tela ce, kekenta yana falo kusa da taga, kuma ba ta da maƙiyi a duniya kamar wannan bututu. In ta shanya farin yadi ta kwaso shi da ɗigo-ɗigon baƙi. Tsatsa ta ci kwanon rufinsu sau biyu. Tana da wani tari da ba ya barinta ta gama dariya. Sau uku tana dangwala yatsa a takardar koke kan kamfanin. Shekara huɗu da suka wuce kamfanin ya durƙushe don kansa, ba don koken kowa ba, ranar kuwa Inna ta cire duk labulen gidan ta wanke ta shanya a waje.

Shekarar farko bayan nan ba wanda ya lura da komai a filin. A ta biyu koren ya ɗan dushe. A ta uku ciyawar ta yi rawaya, ta daina kai gwiwa, shanu suna zagayowa su tarar da fegi na ɗaya bai shirya ba.

Manajan da ke riƙe da gonar a lokacin daga wani kamfanin haya motoci aka ɗauko shi, kuma yana kallon ciyawa yadda yake kallon mota: in ta ƙi tafiya, a ƙara mai. Ya ce a ƙara yuriya. Aka ƙara. Ya ce a ninka. Aka ninka. Ciyawa ta yi laushi, ta yi ruwa-ruwa, ba ta bar rawayarta ba. Shanu suka kama zawo, madara ta ragu. Abu ɗaya da ya yi kore a gonar shi ne kududdufin da ke gangaren filin, wanda gansakuka ta rufe shi ruf har agwagi suka ƙaurace masa. Manaja ya sa aka kafa allo a bakinsa mai hana wanka.

Daga nan ya kira Kawu ofis ya yi masa magana cikin ladabi. Ya ce kowane hannu yana gajiya. Ya ce 'yan kwamitin ƙungiya za su zo zagaye a ƙarshen damina, in sun tarar da filin haka, to akwai gurbi a bakin ƙofa, tun da tsohon mai gadi ya yi ritaya. Aiki ne mai sauƙi, a zauna a ɗan ɗaki, in mota ta zo a ja igiya sandar ƙarfe ta ɗaga. Saura wa Kawu shekara biyu ya yi ritaya shi ma. Ya fito daga ofishin ya wuce ta gaban ɗan ɗakin bai kalle shi ba.

A wannan daminar na dawo gida, bayan shekara shida ina karatun kimiyyar ƙasar noma a wata ƙasa mai sanyi. Ba ni da aiki tukuna, ina zaune wajen mahaifiyata ina rubuta takardun nema. Ita ce ta ce in je in duba ƙaninta, ta ji labari ya rage cin abinci.

Na same shi a fegi na bakwai, a tsugune. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin can, sannan ya kalli takalmana.

"Mai Digiri, da waɗannan ka zo duba ciyawa? Ko biki aka ce maka ana yi?"

Na ce zan saya na roba. Ya ce in yi hankali, shi ma da haka aka kama shi.

Mun zagaya fegi uku kafin ya saki jiki. Ya tsinko wani tsiro ya ɗora a tafin hannunsa ya ce in duba da kyau. Ya ce shi ya san yunwar yuriya, tsohon ganye na ƙasa take fara ci. Wannan kuwa tsohon ganyen yana nan da ɗan korensa, sabon da ke fitowa a sama shi ne rawaya, kamar an haife shi da ciwo. Ya faɗa wa Manaja haka tun bara, Manaja ya ce rawaya dai rawaya ce.

Abin da ya nuna mini a tafin hannunsa sai da na yi zango guda a makaranta kafin na koye shi. Ban gaya masa zatona ba. Na cika jaka da ganye daga fegi biyar na kai wa wata tsohuwar abokiyar karatuna da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji. Bayan kwana tara ta aiko da sakamako. Ganyen ya cika maƙil da naitirojin, wato sinadarin da yuriya ke bayarwa. Abin da babu shi ne farar wuta, wadda wasu ke kira kibritu. Ciyawa mai lafiya tana son wajen kashi ɗaya na farar wuta a kan kowane kashi goma sha biyu zuwa sha biyar na naitirojin. Ta Kawu tana da ɗaya a kan ashirin da uku.

Na kai musu takardar da rana, Kawu ya dawo cin abinci, Inna tana kan keke. Na fara bayani da lambobi, na ga ba inda za su kai ni, sai na juya wajen Inna. Na ce ta ɗauka an kawo mata yadi a ce ta ɗinka riguna, amma zarenta ya ƙare. Ta kai kuka, aka ƙaro mata yadi. Ta sake kai kuka, aka ninka yadin. Ta tsayar da keke ta ce ai sai yadi ya cika ɗaki ba a ga riga ko ɗaya ba, ƙarshenta ɓera ya ci rabi. Na ce to haka ciyawar take. Da naitirojin take gina jikinta, amma sai da ɗan farar wuta take iya haɗa shi. In babu, wanda ta sha ya zauna mata a ganye ba amfani, ya ɓata wa shanu ciki, sauran kuma ruwan sama ya wanke shi ya gangara kududdufi.

Kawu ya ajiye cokali. Ya ce maganar ta shiga, amma akwai rami a cikinta. Shi bai taɓa sayen farar wuta ba, bai taɓa watsa ta ba, bai san kalarta a buhu ba. To shekara ashirin da biyu da ciyawarsa ta yi tana kore, wa ke ba ta zaren?

Na yi ta juya yadda zan faɗa tun a hanya, ban samu mai laushi ba. Na ce baƙin mai yana da farar wuta da yawa. In an ƙone shi tana fita cikin hayaƙi, ruwan sama ya sauko da ita ƙasa. Duk inda iska ta kai hayaƙin nan, ana yi masa taki kyauta.

Inna ce ta fara ganewa. Ta kalli taga, inda ake hango bututun a tsaye ba hayaƙi, ta kalli takardar yabon Kawu da ke rataye a bango cikin gilashi, sai ta fashe da dariya. Wannan karon ta gama dariyarta ba tari, ta share ido da gefen mayafi.

"Maigida, ashe ni ce nake biya. Ni ina shaƙa, kai kana tsayawa hoto."

Kawu ya juyo wajena. Ya tambaye ni ƙa'idojinsa fa. Na ce ta ganye jiƙaƙƙe gaskiya ce, ta yatsu huɗu ma ko a makarantarmu haka aka koya mana, sai dai mu da abin awo. Ya tambayi ta shida. Na ce ba ta cutar da kowa. Sai ya ce, to mutanen yamma? Na ce iska ba ta bi ta kansu. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita, bai gama abincin ba.

Kwana biyu bai neme ni ba. A na uku ya aiko in zo da buhun abin nan. Na fara zuwa wajen Manaja, ya ce farar wuta ba ta cikin jadawalin sayayya na bana, kuma shi bai ga dalilin da zai sa a bar taki mai suna a koma wa abin da ake haɗa ashana da shi ba. Na samo buhu guda na takin da ke ɗauke da ita a shagon kayan noma, na ɗora a bayan babur.

Ni niyyata mu raba fegi na bakwai biyu, rabi a sa, rabi a bari. Kawu ya ce uku za a yi, ya riga ya kafa turaku ya ja igiya. Layi na farko shi zai watsa sabon takin da hannunsa. Layi na biyu ni zan watsa, yadda na ga dama, in yi ta surutu in ina so, har waƙa. Layi na uku shi zai watsa yuriya zalla, da duk ƙa'idojinsa bakwai.

"Ka gwada takinka," ya ce, "ni kuma zan gwada hannuna. Kowa ya ji da nasa."

Haka aka yi. Na bi layina ina ba shi labarin yadda ake cin jarrabawa a can, shi kuma yana nasa bakinsa a rufe, taku da jifa suna tafiya tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ruwa ya sauka washegari.

Bayan mako uku ba sai an yi wa kowa bayani ba. Layin yuriya zalla yana nan rawaya. Sauran biyun sun yi kore, irin koren da aka daina gani a gonar. Sai dai nawa tabo-tabo ne, nan duhu, can fari, wani wuri ma ya ƙone, kamar kan da aka yi wa aski da fushi. Na Kawu kuwa sumul daga turke zuwa turke. Ya daɗe yana tafiya tsakanin layukan, hannu a baya. Da ya dawo ya ce ya gane: hannunsa na shimfiɗa ne, ba na rayarwa ba. Na ce shimfiɗar ma ba kowa ya iya ba, ga shaida. Ya ce kada in yi masa daɗin baki, ya ga layina, ya san ba ni da bakin yabon kowa.

Manaja ya zo ya gani, ya zagaya, ya ce dama ya daɗe yana tunanin wani abu makamancin haka. Cikin mako guda farar wuta ta shiga jadawali. Aka rage yuriya da rabi, Kawu ya bi fegi goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya da bokitinsa. Kafin ƙarshen damina shanu sun daina zawo, madara ta fara dawowa, gansakukar kududdufi ta fara yayyagewa daga gefe.

Ana gobe zuwan 'yan kwamiti Manaja ya sake kiran Kawu, ni ma ya ce in shigo. Ya kawo mana lemo. Ya ce maganar hayaƙi ba ta da amfani ga kowa, za ta rikita dattawa ne kawai. Abin da za a ce shi ne Mai Hannu, a ƙarƙashin jagorancin ofis, ya gano ƙa'ida ta takwas. Za a sake buga littafin da sabon bango, a sa hotonsu su biyu. Kawu ya riƙe filinsa har ritaya, kowa ya kwana lafiya. Kawu ya shanye lemonsa ya yi godiya. Na ɗauka ya yarda, ni ma a raina na yarda, don ban ga wanda ƙaryar za ta kashe ba.

An kafa rumfa a bakin fegi na ɗaya, kujerun roba tara. 'Yan kwamitin suka iso cikin motoci uku, mafi yawansu masu shanu ne da suka daɗe ba su taɓa saniya ba. Manaja ya yi jawabi na minti ashirin a kan jagoranci. Sannan Shugaban kwamiti, dattijo mai nauyin jiki da ba ya son taro ya wuce awa ɗaya, ya kira Mai Hannu ya ce ya faɗa musu sirrin a taƙaice.

Kawu ya cire hula ya riƙe. Ya ce: "Ranka ya daɗe, babu sirri. Shekara ashirin da biyu hayaƙin kamfanin can ne yake ba ciyawar nan abin da take so, ni ina karɓar gaisuwa. Da hayaƙi ya tsaya, ta tsaya. Yanzu a buhu muke sayo abin. Mutanen yamma da na ce malalata ne, ba malalata ba ne, a rubuta wannan."

Sakataren kwamitin ya ɗaga biro ya kalli Shugaba, bai rubuta ba.

Abin da ya biyo baya ya ci fiye da awa ɗaya. Wani ya tambaya ko ba za a iya tara tsofaffin tayoyi a riƙa ƙonawa a yammacin filin ba, tun da hayaƙi ne maganin, kuma taya ba ta da tsada. Wani ya ce a binciko wanda ya sa hannu a takardun yabo, sai aka tuna masa shi ne ya sa a biyu daga ciki. Wani yana so ya san ko masu kamfanin bulon za su iya kai ƙara su ce an ci amfanin hayaƙinsu ba izini. Aka kira ni in yi bayanin tayoyin, na yi, na nuna takardar gwaji. Suka karɓe ta suna miƙa wa juna, kowa ya riƙe ta ɗan lokaci da girmamawa ya wuce da ita.

Shugaba ya duba agogo ya taƙaita. Ya ce abin da ya fahimta shi ne yanzu harkar ciyawa ta koma ta abubuwan da ido ba ya gani, irin wannan kuwa sai mai takarda. Ya ce Mai Hannu mutumin kirki ne, kuma da bakinsa ya shaida ba shi ke yi ba, don haka ba za a ɗora wa dattijo nauyin da ya ce ba nasa ba ne. A bar shi ya huta a bakin ƙofa kamar yadda ofis ya tsara. Filin kuwa, ga yaro ya yi karatu ya dawo yana zaune, a ba shi. Aka ɗaga hannu, tara cif. Suka tashi suka yi hoto a cikin ciyawar.

Na bi Kawu har bayan garke na ce ba zan karɓa ba, gobe zan rubuta musu. Yana wanke bokitinsa a famfo, bai ɗago ba.

"Za ka karɓa. In ka ƙi, Manaja yana da suruki, kuma na ga surukin, ko lauje bai san ta ina ake riƙewa ba."

Na tambaye shi me ya sa bai bi shawarar Manaja ba, ga hanya an share masa. Ya ce ya yi niyya. Har ya haddace yadda zai faɗi ta takwas ɗin. Da ya miƙe sai ya tuna za a buga ta a littafi, a kai wa mutane, wani ya bi ta bai yi daidai ba ya dawo, shi kuma ya tambaye shi ko ya yi magana. Ya kife bokitin ya ce ya gaji da wannan tambayar.

Na kama aiki farkon wata. An ba ni tebur da hular kwano, an ba Kawu riga mai maɓallan ƙarfe da usur. Ranar farko ya zauna a ɗan ɗakin tun safe har la'asar, ya ɗaga sanda sau goma sha huɗu, ya ƙirga. Ni kuma na watsa taki a fegi na uku. Rana ta biyu ya zo ya leƙa ta kan waya ya ga aikina. Rana ta uku da na iso da safe na tarar da usur da rigar a kan kujerar gadi, baro kuwa babu shi.

Wata bakwai ke nan muna haka. Ni nake zaune a bakin ƙofa. Na san motar madara da ƙarar injinta, na san direban da ke gaisuwa da wanda ba ya yi. Nan nake duba sakamakon gwajin ganye, in rubuta yawan abin da za a sa a kowane fegi, in aika wa Kawu a takarda, ya karanta ya gyara inda ya ga ƙasar ta fi yashi. Manaja yana wucewa sau biyu a rana, in ɗaga masa sanda, ya ɗaga mini hannu yana kallon wani wajen. Baƙi sukan zo neman ƙwararren gonar, in nuna musu hanyar fili, su dawo suna ƙorafi cewa ba kowa a can sai mai gadi, kuma ya ƙi koya musu komai, wai su kai ganyensu a gwada.

Makon jiya takardu biyu suka fito daga ofis rana ɗaya. Ɗaya ta yabo ce gare ni, saboda yadda filin ya yi kyau. Ɗayar ta tuhuma ce ga mai gadi, an lura ba ya zama a wurin aikinsa, ya yi bayani cikin kwana uku. Na rubuta amsar a kan gwiwata, cikin ladabi, na ce za a gyara. Na kai wa Kawu ita fegi na tara don ya sa hannu. Ya goge yatsunsa a wando, ya karɓi biro, ya tambaya ko na rubuta ya yi nadama. Na ce na rubuta. Ya sa hannu ya miƙo mini, ya ce in yi sauri in koma, motar madara ta kusa zuwa.